TAL NATIONAL: Tarihin Ƙungiyar da Makaɗanta ke Sauyawa Kiɗa Bai Tsaya Ba

Yau za mu tsallaka iyaka zuwa Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar, mu duba tarihin wata ƙungiyar makaɗan jita mai suna Tal National. Hukuncin kiɗa fagen malamai ne, na bar musu. Abin da na kawo tarihi ne, da wata tambaya da ta shafi duk mai zama a cikin ƙungiya, har da irin tamu ta marubuta: idan mutum ya fita daga ƙungiya, me ke saura a cikinta?

YADDA MUKA SABA A ƘASAR HAUSA

A wurinmu ƙungiyar kiɗa sunan mutum ɗaya take ɗauka. Cewa muke Shata, Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Barmani Coge. Kowa ya san akwai makaɗa da 'yan amshi da maroƙa a bayansu, amma sunan ubangida ne ke yawo. Idan mai kalangu ya bar Shata, wani ya maye gurbinsa, mai sauraro a rediyo ba lallai ya lura ba. Ranar da Shata ya rasu a 1999 kuwa, kowa ya san an rufe babi.

Duk da haka magabata ba su bar abin kara zube ba. Suna da tsarin gado. Musa Ɗanƙwairo a ƙungiyar mahaifinsa ya fara, sannan ya zama daudun kiɗi a ƙarƙashin yayansa Abdu Kurna, kafin ya tsaya da ƙafarsa. Daudun kiɗi shi ne mataimaki, wanda ake renonsa don ranar da babba ba ya nan. Bayan rasuwar Ɗanƙwairo a 1991 'ya'yansa suka ci gaba da riƙe kiɗan gidan.

A Kano ta yau abin ya sake salo. Tun da kiɗan fiyano ya kafu tare da finafinan Hausa a shekarun 1990, mutum ɗaya a situdiyo ke haɗa ganga da algaita da sarewa duk daga cikin na'ura. Mawaƙi ya ɗora murya, a gama. Wannan ya sauƙaƙa aiki, ya kuma buɗe wa matasa da yawa hanyar cin abinci. Sai dai ya sa yawancinmu da muka tashi a cikin birni ba mu taɓa tsayawa gaban mutum shida ba, kowa da abin kiɗansa a hannu, suna sauraren juna suna kiɗa a lokaci guda. Shi ya sa labarin Tal National ke da abin dubawa.

MENE NE FIROG?

Kafin mu je Yamai, sai mun ɗan leƙa Ingila, domin masu sharhin kiɗa na Turai da Amurka da suka ji Tal National sun riƙa kwatanta su da makaɗan rok masu sarƙaƙiyar lissafin bugu.

A ƙarshen shekarun 1960 wasu matasan Ingila suka gaji da waƙar minti uku mai baiti da amshi. Suka fara tsara kiɗa mai tsawo, wani ya kai minti ashirin, mai sassa daban-daban, ana sauya gudu da lissafin bugu a tsakiyar waƙa. Shi ake kira firogiresib rok, ko firog a taƙaice. Daga cikin manyansu akwai King Crimson, waɗanda faifansu na farko ya fito a Oktoban 1969, da kuma Yes, da aka kafa a Landan a 1968.

Abin da aka fi sanin waɗannan ƙungiyoyi da shi bayan kiɗa shi ne yawan shiga da fita. King Crimson ba ta rufe shekara da fitar da faifan farko ba sai da yawancin waɗanda suka yi shi suka watse. Mai jita Robert Fripp ya rushe ta a 1974, ya sake kafa ta a 1981 da sababbin mutane. A 1994 ya haɗa mutum shida, kowane abin kiɗa bibbiyu. Daga 2014 kuma masu ganga uku ya jera a gaban dandamali. A tsawon fiye da shekara hamsin, shi kaɗai ne bai taɓa fita ba. Ita kuwa Yes, tun da mai bes ɗinta Chris Squire ya rasu a 2015, babu ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta da ya rage a ciki, amma sunan yana nan ana wasa da shi.

Ku riƙe waɗannan misalai biyu, za mu dawo kansu.

FAGEN DA TAL TA TARAR

Nijar ta daɗe da ƙungiyoyin jita, waɗanda can ake ce wa orkes. A Tawa, cikin ƙasar Adar, akwai Azna de l'Ader ƙarƙashin mai jita Mona, suna kiɗan rok tun shekarun 1970. A 1987 aka fara gasar kiɗan zamani ta ƙasa mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu, shahararren makaɗin nan na Tawa. Ba da jimawa ba aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai mai sunan Alhaji Taya. Waɗannan biyun sun taimaka wajen fito da matasan da suka iya kayan kiɗan Bature amma kunnensu na kan kiɗan gida.

Wasu daga cikinsu mun san su a nan. Iyayenmu da yayyenmu sun sha jin muryar Sa'adu Bori na Maraɗi, wanda ya rasu a haɗarin mota a 2008. Akwai Mamar Kassey ta Yakuba Mumuni mai sarewa, da aka kafa a 1995. Akwai kuma Sogha, wadda waƙoƙinta suka shiga gidajen bikinmu. Wannan ba abin mamaki ba ne. Hanyar da ta tashi daga Kasuwar Kurmi ta bi Damagaram zuwa Agadas ta girmi iyakar da Turawa suka shata, kuma waƙa ba ta tsayawa a shingen kwastan.

KAFUWAR ƘUNGIYA

A shekarar 2000 aka kafa Tal National a Yamai. Wanda ya kafa ta mai jita ne, Hamadal Isufu Mumini, wanda aka fi sani da Almeida. Mutum ne mai hula da yawa: ya buga ƙwallon ƙafa, ya koyar a gidan marayu na SOS, ya kuma yi aikin shari'a a kotu. Da rana yana zaman kotu, da dare yana riƙe da jita.

Sunan kansa abin lura ne. Tal wani yanki ne na farin rairayi a can gabas, kusa da Ngigmi a jihar Difa, fiye da kilomita dubu daga Yamai. Kalmar da ke biye kuma tana nufin na ƙasa baki ɗaya. Ƙungiya tana zaune a ƙuryar yamma, sunanta yana nuni da ƙuryar gabas. Mutanen cikinta ma haka suke: Hausawa, Zabarmawa, Fulani da Buzaye, kuma ana waƙa da harsunansu. A ƙasar da ta ga tawayen arewa daga 1990 zuwa 1995, ta sake ganin wani daga 2007 zuwa 2009, tara waɗannan al'ummu a kan dandamali ɗaya magana ce, ko da ba a furta ta da baki ba.

Aikinsu na yau da kullum ba na raggo ba ne. A Yamai sukan yi wasa dare biyar a mako, kowane wasa ya kai awa biyar ba hutu, ga bukukuwan aure da suna, ga tafiye-tafiye zuwa garuruwa. Kayan kiɗa kuma wahalar samu suke yi a ƙasar. Idan tsirkiyar jita ta tsinke ko fatar ganga ta fashe, dabara ake yi. Faifansu ma da kansu suke sayarwa a bakin titi da shataletale, saboda babu kamfanin rarrabawa da zai ɗauke musu wannan nauyi. Duk marubucin da ya taɓa ɗaukar littafinsa a jaka yana bin shaguna daga Sabon Gari zuwa bakin asibiti ya san ɗanɗanon wannan.

YADDA KIƊAN YAKE

Mutum shida ke hawa dandamali: masu jita biyu, mai bes, mai jerin gangunan Bature, mai kalangu, da mawaƙi. Abin da kunne ke fara kamawa shi ne gudu. Kiɗa ne mai sauri, kamar ana kora shi.

In ka natsu sai ka ji yadda aka saƙa shi. Jita biyun ba abu ɗaya suke kaɗawa ba. Kowace tana maimaita ɗan gajeren zagaye nata, inda wannan ta bar gurbi sai waccan ta cike. Duk wanda ya taɓa jin lugude a tsakar gida ya san wannan. Mata biyu ko uku a turmi ɗaya, taɓarya na sauka wata na tashi, babu wadda ke yin kiɗan ita kaɗai, sai an haɗa ake jin sa.

Lissafin bugun kuma ga yadda yake. Ka ƙirga bugu goma sha biyu a zagaye ɗaya. Mai ganga zai iya raba su uku-uku sau huɗu, mai kalangu ya raba su huɗu-huɗu sau uku. Kowa na kan hanyarsa, amma duk zagaye sai sun haɗu a bugun farko. Mai rawa ya zaɓi wanda zai bi. Can kuma ana tsaka da tafiya sai duk su juya lokaci guda, su faɗa wani salon, kamar mahayan da suka karya kwana a guje ba wanda ya faɗi.

Wannan juyi da wannan saƙa su ne suka tuna wa Turawa firog. Amma tushen ya bambanta. Na Ingila sun fi jingina da kiɗan gargajiyar Turai da jaz, kuma yawanci a zaune ake saurarensu. Tal National daga kiɗan biki suka ɗebo nasu, da tsofaffin waƙoƙin gargajiya da suke sabunta wa tufafi, da jitar Buzaye, da salon Kwango da na Gana, kuma don rawa suke yi. Wani abin sha'awa ma, lokacin da King Crimson ta dawo a 1981 da salon jita biyu masu cike gurbin juna, ɗaya daga cikin masu jitar, Adrian Belew, bai daɗe da gama aiki da ƙungiyar Talking Heads ta Amurka ba, a faifan da kowa ya san tasirin Fela Kuti ne a cikinsa. Ruwan da Turawa suka ji a Yamai suka ce ya yi kama da nasu, wani sashensa daga wannan nahiya aka ɗebe shi tun farko.

FAYA-FAYAI BIYAR

Faifansu na farko, Apokte, ya fito a 2006. Da aka zo na biyu sai Almeida ya yi lissafi irin na ɗan kasuwa. Ya ga kwasar ƙungiya guda zuwa situdiyo mai kyau a Nijeriya ko Gana ya fi tsada a kan ɗauko mutum ɗaya da na'urorinsa a jirgi. Sai ya gayyato wani mai ɗaukar sauti daga Shikago, Jamie Carter, wanda suka haɗu a wani bikin fasaha a can. A 2008 aka ɗauki A-Na Waya a Yamai, ya kuma karɓu ƙwarai a cikin ƙasa.

A Janairun 2011 Carter ya dawo. Cikin kusan mako biyu, a wani tsohon situdiyo da ƙura ta cinye, suka ɗauki Kaani. Shi ne wanda kamfanin FatCat na Ingila ya fitar wa duniya a Satumbar 2013, shekara goma sha uku bayan kafa ƙungiyar. Manyan jaridun Amurka da Ingila suka yaba, aka fara gayyatarsu wasa a ƙasashen waje. Zoy Zoy ya biyo baya a 2015, sai Tantabara a 2018, wanda sunansa ba ya buƙatar fassara a kunnen Bahaushe. A wannan na ƙarshe sun buɗe ƙofa ga baƙi, ciki har da Zara Musa, mawaƙiyar gambarar zamani ta Nijar, da wani mai jita mazaunin Amurka, Yonatan Gat.

A lura da wannan tazara ta shekara goma sha uku. Kafin wani Bature ya ji sunansu, sun riga sun yi dubban awoyi a gaban mutanen gida, waɗanda in kiɗa bai yi ba za su koma su zauna.

SIRRIN SHIGA DA FITA

Yanzu mu zo kan zuciyar maganar. Babu ɗan Adam da zai doki ganga da irin wannan gudu awa biyar, dare biyar a mako, shekara da shekaru. Don haka ko da yake shida ne a dandamali, 'yan ƙungiyar sukan kai goma sha uku. Kowace kujera tana da fiye da mutum ɗaya. Ana cikin waƙa mai ganga zai miƙe, wani ya zauna ya karɓa, bugu ɗaya bai faɗi ba. Mawaƙa ma karɓa-karɓa suke yi, kowa da harshen da ya fi ƙwarewa a kai. Wani daren ƙungiyar kan rabu biyu, a yi wasa a wuri biyu lokaci guda, kuma duka biyun Tal National ne.

Ga bambancinsu da King Crimson. A wurin Fripp, duk fitar mutum girgiza ce. Sau da yawa sai an rushe an sake gini, kiɗan ma ya sauya kama. A Tal National sauyin mutane na cikin tsarin tun daga tushe. Tun kafin mutum ya yi tunanin tafiya akwai wanda ya san aikinsa, ya kuma saba yin sa a gaban jama'a. Saboda haka a tsawon shekaru matasa sun shigo sun koya, wasu sun wuce, muryoyin da ke kan faifai sun sauya, amma da ka ji ka san gidan da kiɗan ya fito. Tsarin daudun kiɗi ne aka faɗaɗa. Maimakon ubangida kaɗai ya yi mataimaki, kowane makaɗi yana da nasa.

Wannan tsari yana da farashi. Kuɗin da mutum shida za su raba, goma sha uku ke rabawa. Wanda ya fi kowa iyawa dole ya haƙura ya miƙe wa na bayansa kujera alhali jama'a na tafa masa. Sunan da ke kan faifai kuma na ƙungiya ne. Ba kowane gwani ke iya haɗiye wannan ba, kuma wanda ya kasa ba za a ce ya yi laifi ba.

Akwai kuma tambayar da tarihi bai amsa ba tukuna. Duk wannan karɓa-karɓa, kujera ɗaya ce ba a taɓa sauyawa ba, ta Almeida. Shi ne mai tsari, shi ne mai magana da yawun ƙungiya, shi ne maɗaurin tsintsiyar. A nan ya yi kama da Fripp. Ranar da ya ajiye jita za a san ko Tal National irin Yes ce, wadda suna ya rayu bayan masu shi, ko kuwa irin ƙungiyoyinmu na gargajiya ce da ke bin ubangida.

ABIN DA YA SHAFE MU

Abu biyu nake so mu ɗauka. Na farko game da ƙungiyoyinmu ne. Wanda ya san tarihin adabin kasuwar Kano ya san rawar da Raina Kama ta taka, inda su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu suka haɗu. Littattafansu kan fito da sunan ƙungiya da jerin ayyukan 'yan uwa, ta yadda mai karatun da ya sayi na wannan zai nemi na wancan. Sunan gida ne ke ɗaukar sabon marubuci. Yau kuwa ƙungiyoyi nawa muka gani an buɗe da ɗoki a WhatsApp da Facebook, da shugaba ya samu aiki a Abuja ko sakatariya ta yi aure, shi ke nan an yi shiru? Mu tambayi kanmu a nan: in mai tace mana rubutu ya yi wata uku ba ya nan, wa ya iya aikin? In mai kula da wannan fili ya rasa waya, wa zai ɗora maƙalar mako? Idan amsar ita ce babu, to ba mu da daudu, kuma gara a fara renonsa tun ana tare.

Na biyu game da rubutun tarihi ne. An yi manyan ayyuka a kan makaɗanmu, irin na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, da littafin tarihin Shata da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006. Amma mu masu tasowa, idan muka ɗauki alƙalami, kan tauraro muke faɗawa. Tarihin ƙungiya yana cikin jerin waɗanda suka zauna a kowace kujera: wa ya shigo, a wace shekara, daga wane gida ya koyo, me ya sauya a kiɗan da zuwansa, me ya fitar da shi. Mu ma a Arewa an yi ƙungiyoyin jita, irin ta Bala Miller a Kaduna da Sahara All Stars a Jos. A cikin birnin nan kuma, daga Ƙofar Wambai zuwa Ƙofar Mata, akwai dattawan da suka yi amshi ko suka riƙe kalangu a bayan manyan mawaƙa shekara da shekaru. Suna da labarin da ba ya cikin kowane kaset, kuma kullum raguwa suke yi.

Don haka ga aikin gida ga mai sha'awa. Ka nemi mutum ɗaya a unguwarku da ya taɓa zama a bayan wani mawaƙi, ka gaishe shi da ladabi, ka nemi izininsa, ka tambaye shi su wa ke gefensa a lokacin, kuma ina suka shiga. Ka rubuta sunaye da shekaru yadda ya faɗa, ka sake tabbatarwa daga bakin wani. Ko shafi biyu ka samu, kawo mana nan mu karanta tare.

Mai gyara ko ƙarin bayani, musamman 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai da suka taɓa tsayawa a gaban wannan ƙungiya, fili naku ne. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.